Na'urar awon hawan jini ta Omron M4 Intelli IT: ta dace da dattawanmu na Legas?

Tambayi dattijo a Agege ko Idi-Araba yaya jiki, zai ce maka "Alhamdu lillahi, lafiya lau." Ba ƙarya ya yi ba, haka yake ji. Sai dai hawan jini yakan yi shekaru a jiki bai nuna alama ba. Amfanin wannan na'ura ke nan: tana ba da lambar da za a ajiye kusa da maganar Baba, ta kuma tura ta waya ta Bluetooth, cikin manhajar OMRON connect.

A damtse ake ɗaura ta, sama da gwiwar hannu. Maɗaurin yana ɗaukar kaurin hannu daga santimita 22 zuwa 42, don haka Hajiya mai jiki ma zai yi mata. Batir AA huɗu take ci, ba ruwanta da ɗauke wuta. A guji batir mai araha na bakin titi, yana zubar da ruwa ya ci ƙarfen ciki. Tana riƙe awon mutum biyu daban, na Baba ba ya cakuɗewa da na Inna.

Yawancin kuskure daga wajen awo yake. A bar goro da shayi da taba minti 30 kafin a fara. A zauna minti biyar, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, kuma ba magana. Kada a naɗe hannun riga har ya matse damtse, gara a zare hannun daga rigar gaba ɗaya. A auna sau biyu da safe kafin shan magani, sau biyu da yamma, har kwana bakwai. A awon gida, matsakaicin da ya kai 135/85 ya isa a ga likita. In ta nuna 180/120 ga ciwon ƙirji ko harshe ya karye, asibiti za a nufa nan take.

Rauninta yana ga manhajar. Babu Hausa a ciki. Dole ɗa ko jika ya haɗa ta a ranar farko. Bayan nan sai sauƙi: a ɗauki hoton allo a tura wa likita ko 'yar da ke Kano ta WhatsApp, datar da zai ci kaɗan ce.

Wayar nan dai ita ce ke kawo saƙonnin murya masu cewa wani jiƙo ya maye gurbin ƙwayar maganin asibiti. Lamba mai kyau alama ce magani yana aiki, ba izinin dainawa ba ce. Haka nan in Baba ya ce jiri yake ji alhali allo ya nuna daidai, a saurare shi, a gaya wa likita.

A saya a kantin magani mai rajista, domin akwai jabu a kasuwa, sannan a tafi da ita asibiti a gwada awonta da nasu. Gidan da babu mai haɗa manhaja, na'urar damtse marar Bluetooth da ɗan littafin rubuta lamba sun wadatar.