Sharhi: Haɗa Mailchimp da Airtable ta hanyar Zapier

Ni nake riƙe da rajistar ɗalibai a wata ƙaramar cibiyar koyar da kwamfuta a Kano, kuma ni ne mai tura musu sanarwa ta imel: ranar fara sabon aji, canjin lokaci, ragin kuɗi ga tsofaffin ɗalibai. Saƙonnin muna tura su ne da Mailchimp, cikakken bayanin kowane ɗalibi kuma yana zaune a jadawalin Airtable, wato sunansa, lambar wayarsa, ajin da ya shiga, da abin da ya rage bai biya ba. Na daɗe ina kwashe sunaye da hannu daga wannan zuwa wancan kafin na haɗa su da Zapier. Yanzu da na ga kamun ludayinsa zan iya cewa ya biya buƙata, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin nan shi ne babban abin da nake son mai karatu ya sani kafin ya ciro katinsa na banki.

Zapier, wanda aka kafa a Amurka a 2011, ɗan aike ne tsakanin manhajoji: ka ce masa idan kaza ya faru a can, yi kaza a nan. Kowane umarni irin wannan suna kiransa Zap. Na farko da na shirya shi ne wanda kowa yake fara tunani: duk wanda ya cike fom ɗin karɓar saƙonninmu a Mailchimp, a buɗe masa layi a Airtable. Haɗawar ba ta da wuya. Ka shiga asusunka na kowanne, ka ba da izini, sannan ka nuna wa Zapier cewa gurbin FNAME na Mailchimp, wato na sunan farko, ya tafi gurbin suna, adireshin imel ya tafi nasa. Akwai gwaji kafin a kunna, inda zai ɗauko mutum ɗaya ya nuna maka yadda zai sauka. Wanda ya iya cike fom a intanet zai iya wannan.

Abu ɗaya da ya kamata a sani tun farko: Zap yana aiki ne da abin da ya faru bayan an kunna shi. Tsofaffin sunayen da ke cikin jerin ba za su taso da kansu ba, sai ka sauke su a fayil ɗin CSV, wato jadawali na zallan rubutu, ka loda a Airtable sau ɗaya. A nan ne mu masu sunaye da ɗ da ƙ da ɓ za mu yi hattara. Ta Zapier haruffan suna wucewa lafiya lau, Ɗanladi ya isa a Ɗanladi. Amma in ka buɗe fayil ɗin CSV a wasu manhajojin lissafi ka sake adana shi, sai ka ga baƙaƙen sun koma wasu alamomi marasa kan gado, sifirin farkon lambar waya kuma ya ɓace, 0803 ta zama 803. Maganin shi ne kada ka buɗe shi a ko'ina, ka loda shi kai tsaye, kuma ka tabbata gurbin lambar waya a Airtable na waya ne ko na rubutu, ba na lissafi ba.

Yanzu ga sharaɗin. Kafin ka shirya komai, yanke shawarar wane ɓangare ne mai gaskiya a kan wane bayani. A wurinmu Airtable ne mai faɗa a kan suna da aji da biyan kuɗi. Mailchimp kuwa shi kaɗai ne mai faɗa a kan ko mutum yana son saƙonmu ko ba ya so. Mutane da yawa suna son a ce duk abin da aka taɓa a nan ya canja a can, a can ma haka, kuma ana iya shirya hakan da Zap biyu masu fuskantar juna. Sai dai gyaran da na farko ya yi zai iya tayar da na biyu, na biyu ya sake tayar da na farko, su yi ta kai-komo a kan mutum ɗaya, alhali Zapier yana ƙirga kowane aikin da ya kammala a cikin kason watanka. Ban ga dalilin da ƙaramar cibiya za ta shiga wannan ba.

Wanda ya fi yi mini amfani a cikin duk abin da na shirya shi ne wanda ba a cika zancensa ba: idan mutum ya danna cewa a daina turo masa saƙo, a sa alama a layinsa a Airtable. Da, ba wanda yake sanin wannan a ofis sai ni, ni ɗin ma sai na shiga na duba. Yanzu abokiyar aikina da ke karɓar kuɗi tana gani a gabanta, ba za ta ce wa ɗalibi "ai mun turo maka" ba alhali shi da kansa ya rufe ƙofar. Mailchimp ma ba ya yarda wata manhaja ta mayar da wanda ya fita cikin jerin ta bayan gida, sai mutumin ya sake amincewa da kansa. Wasu suna jin haushin wannan, ni kam ina ganin daidai ne, musamman da yake tun watan Yunin 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane, wadda ta ba kowa 'yancin janye amincewarsa da kuma ƙin saƙon talla. Akwai kuma batun aljihu: Mailchimp yana ƙirga waɗanda suka fita a cikin adadin da ake cajinka a kai muddin ba ka mayar da su ma'ajiya ba. Tunda ina ganinsu a jere a Airtable, a ƙarshen wata nakan tattara su in ajiye.

Adireshin imel shi ne shaidar da Mailchimp yake gane mutum da ita, don haka mai adireshi ɗaya ba ya zama mutum biyu a cikin jeri ɗaya a can. Airtable bai damu da wannan ba, in ka ce ya buɗe layi zai buɗe ko da akwai irinsa goma. Dole umarninka ya zama na a duba tukuna, in akwai a gyara, in babu a ƙirƙira. Kuma duk wayon na'ura ba za ta san cewa Hauwa mai adireshin makaranta ita ce Hauwa mai adireshin Gmail ba. Wannan har gobe aikin ido ne.

Batun kuɗi. Tsarin kyauta na Zapier yana ba da ayyuka 100 a wata, Zap ɗin kuma mataki biyu kacal, abin da zai tayar da shi da abin da zai yi. Inda yake leƙawa da kansa don ganin ko akwai sabon abu, yakan yi ne duk minti 15, wanda a wurina ba matsala ba ce, ba asibiti muke ba. Airtable na kyauta yana tsayawa a layi 1,000 a kowane rumbun bayanai da ka buɗe. A watan da ba a ɗaukar sababbin ɗalibai ɗarin nan tana isarmu har da saura, a makon buɗe rajista kuwa nan da nan take ƙarewa. Daga nan sai biya, kuma da dala ake biya, ga shi manhajoji uku ne kowacce da nata lissafin. Mai samun kuɗinsa da naira ya zauna ya buga lissafi tukuna.

Na ɗan taɓa Make, wani ɗan aiken irin Zapier, wanda aka sani da Integromat kafin a canja masa suna a 2022. Kason kyautarsa ya fi yawa, 1,000 a wata, kuma yana barinka ka jera matakai da yawa ba tare da biya ba, sai dai yadda yake ƙirga aiki daban ne, har leƙawar da yake yi tana cin kaso. Fuskarsa ta zane-zanen da'irori ta fi buƙatar natsuwa. Na zauna a Zapier ne saboda shafinsa na tarihin aiki, inda kowa a ofis zai iya buɗewa ya ga wane suna ya wuce, wanne ya tsaya, da dalilin tsayawarsa, ba sai an kira ni a waya ba.

Wanda abokan hulɗarsa duk a WhatsApp suke, kamar yawancin 'yan kasuwarmu, wannan haɗin ba nasa ba ne, don babu jerin imel ɗin da zai haɗa. Haka wanda sababbin sunayensa ba su wuce goma a wata ba, hannunsa ya ishe shi. Amma makaranta, ko ƙungiya mai mambobi a garuruwa daban-daban, ko mai sayar da kaya ga 'yan ƙasashen waje, zan ce ya fara da Zap ɗin masu fita daga jerin, ya bar shi ya yi wata guda a tsarin kyauta, ya duba adadin ayyukan da ya ci kafin ya ƙara na biyu.