Kafin ka zuba kuɗi a manyan moto na robot ɗin gasa, duba batirinka tukun

Duk mai haɗa robot na gasar FRC (FIRST Robotics Competition, gasar robot ta ɗaliban sakandare) dokar ta riga ta ɗaure masa hannu: batir ɗaya tak, mai bolt 12, wajen 18Ah, sai babban bireka (na'urar da ke yanke wuta idan ta yi yawa) na amfiya 120, kowace moto (injin lantarki mai juyawa) kuma birekanta ba ya wuce 40. A cikin wannan ƙuncin ne za ka yi sayayya, shi ya sa ni ban cika ruɗuwa da tallar moto mafi ƙarfi ba.

Dubi lambobin da kamfanonin ke bayarwa idan moto ta maƙale ta kasa juyawa: tsohuwar CIM na jan amfiya wajen 130, NEO ta REV 105, ita kuwa Kraken X60 har 366. Kraken ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, amma batirin ba ruwansa da wannan. Tsakanin cikin batirin da wayoyi da mahaɗarsa ta SB50 akwai turjiya wajen ohm 0.02, to moto huɗu na taya kowacce ta ja amfiya 80 a lokaci guda, 320 kenan, bolt sama da 6 sun tafi, ita kuma roboRIO, kwamfutar da ke sarrafa robot ɗin, da zarar wuta ta sauko wajen bolt 6.8 sai ta yanke wa motocin wuta don ta ceci kanta, robot ya dinga fizga yana tsayawa a tsakiyar fili ana ture shi. Birekan 120 ɗin ma ba zai taimake ka a nan ba, da zafi yake aiki kamar na 40 ɗin, yana jure fiye da adadinsa na wasu daƙiƙu, sau da yawa batir ne ke fara durƙushewa.

Don haka abin tambaya shi ne wace moto ce za ka iya sa wa linzami. SPARK MAX, na'urar REV mai sarrafa moto irin NEO, yana zuwa da iyakar amfiya 80 daga kamfani, kuma ta yi yawa, musamman ga ƙaramar NEO 550 da ke ƙonewa nan da nan, ita 20 ake ba ta. Kraken iyaka biyu gare ta, ɗaya ta abin da take ja daga batir, ɗaya ta abin da ke ratsa nannaɗen wayar cikinta, ta farkon ita ke hana faɗuwar wuta, ta biyun ke rage zafi da zamewar taya. Wannan rabuwar kaɗai ta sa na fi karkata gare ta idan aljihu ya ɗauka. In bai ɗauka ba NEO da aka saita da kyau ta isa.

Allon rarraba wuta kuwa, tsohon PDP na kamfanin CTRE ramuka 16 ne, takwas kawai ke ɗaukar 40. Idan tayoyinka irin masu juyawa kowane ɓangare ne, moto takwas, biyu a kowace taya, sun cinye su kaf. PDH na REV yana da 20 duk masu ɗaukar 40, ga ɗan allo mai nuna bolt. Amma fa yawan ramuka ba ya ƙara wuta ko kaɗan.

Waya kar ka yi rowa, mai kaurin 6 AWG daga batir (ƙaramar lamba ta fi kauri), 12 AWG a layin 40, kuma a ɗaure kusoshin kan batir tamau. Ragowar kuɗin ka sayi batura sababbi da yawa da ma'aunin batir irin Battery Beak, duk batirin da turjiyar cikinsa ta haura ohm 0.02 a bar shi wa atisaye.