PokerTracker 4 da farautar masu sanyin hannu kafin fulof

A teburin poka na intanet, kuɗin da ya fi sauƙin ci yana hannun mutumin da ke shiga kusan kowane rabo amma ba ya ɗaga fare, wato mai sanyin hannu. Babban tilas, wato mafi girma cikin faren dole biyu da ake sawa kafin a raba karta, kawai yake biya ya lallaɓo ciki, in an ɗaga ya bi, in fulof, wato karta ukun farko da ake buɗewa a tsakiyar tebur, bai yi masa daɗi ba ya zubar da karta. Sai dai wanda ya buɗe tebur huɗu lokaci guda ba zai iya riƙe halin kowa a ka ba. Wannan gurbin ne manhajar PokerTracker 4 ke cikewa, kuma da wannan aikin ya kamata a auna shi.

Manhajar ta fito a 2012, yanzu tana hannun Max Value Software, kamfanin da ke da takwararta Hold'em Manager, tana kuma aiki a Windows da Mac. Tana karanta tarihin wasan da shafin poka ke adanawa a kwamfutarka, ta zuba shi a rumbun bayanai na PostgreSQL, sannan ta liƙa ƙaramin allon alƙaluma, wato HUD, kusa da sunan kowane ɗan wasa. Abu biyu ke yawan ɓata wa sabon shiga rai wajen girkawa. Idan ba ka kunna adana tarihi a manhajar shafin ba, da Turanci, babu abin da zai shigo. Idan kuma kujerar da ka zaɓa a shafin ba ita ka saita a PokerTracker ba, alƙaluman wani za su zauna a kan wani, ka yi ta ɗaga fare a kan wanda bai kamata ba.

Allon da ya zo da ita ya cika cunkoso. Don wannan farauta, biyar sun wadatar: yawan rabon da aka gani, VPIP, PFR, yawan sake ɗagawa, da yawan zubarwa idan an ci gaba da fare a fulof. VPIP na nuna kashi nawa cikin ɗari mutum ke sa kuɗi da son ransa, PFR kuma kashi nawa yake ɗagawa, duka biyun kafin fulof. Asirin yana cikin ratar da ke tsakaninsu. Ƙwararre a teburin mutum shida yakan zauna kusa da 23/19, wato VPIP 23 da PFR 19. Wanda ka gani da 42/5, shi ne mutuminka. Manhajar na bari ka sa launi, misali VPIP da ya haura 35 ya koma kore, kuma wannan ɗan saitin ya fi rabin rahotanninta amfani, domin kallo ɗaya ya isa.

To, ka gano shi, sai me? Ware shi za ka yi, ya zama daga kai sai shi. Idan kana bayansa, ɗaga zuwa babban tilas uku, ka ƙara ɗaya kan kowane wanda ya lallaɓo. Idan shi ne zai yi magana bayanka, fara da huɗu. A ce kana kujerar mai rabo, mutum ɗaya ya lallaɓo, ka ɗaga zuwa 4, masu tilas suka zubar, shi ya bi: tulin kuɗin tsakiya ya zama babban tilas 9.5. Karta biyu mabambanta ba sa samun abokin haɗi a fulof sai kusan sau ɗaya cikin uku. Faren kashi ɗaya cikin uku na tulin yana mayar da kuɗinsa idan abokin wasa ya zubar sau 25 cikin 100, na rabin tuli kuma yana neman 33. Saboda haka wanda allo ya nuna yana zubarwa fiye da rabin lokaci, a ci gaba da matsa masa. Wanda kuwa ba ya zubarwa, a daina yi masa burga, asara ce tsagwaronta. A jira karta mai ɗan ƙarfi, ko da haɗi ne da babbar kartar fulof, ɗayar kartarka kuma tsaka-tsaki, a sa fare mai nauyi har zagaye uku, zai biya da abin da bai kai naka ba.

Inda alƙaluman suka fi ceton kuɗi shi ne ranar da mai sanyin hannu ya farka. Haɗin karta biyu da za a iya rabawa 1,326 ne. PFR na 5 kusan haɗi 66 ke nan, wanda bai wuce TT (goma biyu) zuwa sama da AK da AQ ba (A, K, Q, J su ne manyan karta, bi da bi). AJ ko KQ a gaban wannan jeri bawa ne a gaban ubangidansa. Idan kuma ya lallaɓo, ka ɗaga, ya sake ɗagawa, ɗauka AA ko KK ke hannunsa har sai ya nuna maka akasin haka.

Ga inda manhajar ke ruɗar mutane. Tana nuna alƙalami ko da rabo 12 kawai ta gani, da irin girman rubutun da za ta nuna na rabo 2,000. VPIP da PFR sukan fara ba da ma'ana bayan gomman rabo, amma sake ɗagawa na bukatar ɗaruruwa, domin damarsa ba ta zuwa kowane lokaci. Dole ka sa adadin rabo a farkon allo ka riƙa dubansa. NoteTracker da ke cikinta na rubuta bayani da kansa kan abin da mutum ya nuna a ƙarshen wasa, kuma ga irin wannan abokin karawa, ganin ya lallaɓo da K4 sau ɗaya ya fi alƙalami mara tushe. LeakTracker kuwa naka kurakuran yake dubawa, bai shafi wannan aikin sosai ba.

Fuskar manhajar ta tsufa, kuma rumbun na yin nauyi idan tarihi ya taru ba a gyara shi. Babban cikas dai ba nata ba ne. Shafin GGPoker ba ya yarda da HUD na waje, nasa yake bayarwa, partypoker ma ya hana a 2019. A teburan da ake ɓoye sunayen 'yan wasa kuwa babu tarihin da zai taru a kan kowa. Kafin ka biya, karanta dokar shafin da kake wasa, sannan ka yi amfani da gwajin kyauta ka tabbatar allon na hawa teburinka daidai.