Chrony da agogon baƙuwar kwamfutata

Laftof ɗina Linux ne a kansa, kuma a cikinsa nake tayar da wata kwamfutar ta hanyar KVM, wato fasahar Linux ta gudanar da kwamfuta a cikin kwamfuta, don gwaje-gwaje. Baƙuwa nake ce mata, shi kuma laftof ɗin mai masauki. Ba ta da wata matsala sai ta agogo. Idan na sa ta barci da daddare ba tare da na kashe ta ba, na dawo da ita da safe, sai ta farka tana zaton har yanzu jiya ake ciki. Ranar da abin ya ishe ni, sabunta manhajoji na zo yi, ta ƙi, wai lokacin fayilolin bai yi ba tukuna. Lambobin shiga masu canzawa duk sakan 30 su ma ba sa aiki da agogon da ya kauce.

Abin da ya kai ni ga chrony ke nan, manhajar daidaita agogon kwamfuta da Richard Curnow ya fara rubutawa, Miroslav Lichvar yake kula da ita yanzu. Saka ta bai ci minti biyu ba. Amma washegari na tarar da agogon a baya kamar yadda na saba, har na fara ƙorafi. Ashe ni ne ban karanta ba. A tsarin da ta zo da shi, a gyare-gyare uku na farko bayan ta tashi kaɗai take yarda ta tsallakar da agogo gaba ɗaya. Daga nan sai ja a hankali, kuma iyakar saurinta kashi ɗaya cikin 12 ne. Wato gibin awa guda sai ya ci kusan awa 12 kafin ya rufe. Ga saba, wato kwamfutar da ke yi wa wasu hidima ba ta barci, wannan hikima ce. Ga tawa da ke kwana kullum, ina! Layi ɗaya na canza a chrony.conf, fayil ɗin saitinta, na mai da shi makestep 1 -1, ma'ana duk lokacin da gibin ya wuce sakan ɗaya ta tsallaka kawai.

Inda ta fi burge ni shi ne ba sai ta fita intanet neman lokaci ba. Da na loda ptp_kvm a baƙuwar, wani ɓangaren Linux da ke nuna mata agogon mai masauki, sai /dev/ptp0, fayil ɗin da ke wakiltar wannan agogon, ya bayyana, na ƙara refclock PHC /dev/ptp0 poll 2 a chrony.conf, shi ke nan baƙuwa tana duba agogon mai masaukinta kai tsaye duk bayan sakan huɗu. Ko babu intanet suna tafiya tare. Sai dai fa idan na mai masaukin ya karkace, da shi za ta karkace, don haka shi ma na sa masa chrony yana bin NTP, wato tsarin karɓar lokaci ta intanet. Kuma kada a bar wata manhajar gyaran lokaci tana aiki a gefe, su biyun za su yi ta jan agogo ɗaya.

Abin da chronyc tracking, umarnin duba halin da agogo ke ciki, ke fitarwa ba na sabon shiga ba ne, gaskiya. Layuka ne jingim da lambobi, ni dai System time, layin da ke nuna gibin agogon, nake dubawa in wuce.

Wannan tsallaken nawa ban ba mai rumbun bayanai shawarar ya kwaikwaya ba, domin agogo na iya tsallakawa baya, jerin lokutan da aka rubuta ya rikice. Tawa ta gwaji ce, in ta rikice goge ta nake yi in ɗora sabuwa.