Gadon dindindin ko na cirewa? Amsa ga mai Prado

Malam, ga yadda na fahimci tambayarka. Kana da Prado ta 2008, kana so ka riƙa kwana a cikinta idan kun fita Gashaka da Mambila a jihar Taraba kai da abokin tafiya ɗaya, kuma ita ce dai motar da ke kai yara makaranta, ta kai iyali biki. Kafinta ya ce a haɗa maka gado na dindindin mai manyan durowa biyu a ƙasa. Wani kuma ya ce a yi na cirewa, wato akwatunan katako da ake jerawa a ɗora allo a kai, a kwashe idan an dawo gida. Ra'ayina tun farko shi ne, ga irin motarka da irin zamanka, na cirewa ya fi, kuma a yi shi ƙasa-ƙasa. Amma akwai wuraren da na dindindin ya yi masa fintinkau, zan kawo su.

Abin da ya fi raba su shi ne tsawo, kuma shi ne abin da ba a cika lura da shi ba sai an kwanta. Babban mutum yana bukatar kimanin santimita 90 daga inda ya zauna zuwa tsakar kansa kafin ya zauna a miƙe. Bayan Prado kuwa, daga daɓe zuwa rufi, bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba. Ɗauki tef ka auna taka, don da wannan awon za a yi duk sauran lissafi. Durowar da za ta yi amfani tana son zurfin santimita 20 zuwa 25, ga allon ƙasa, ga allon sama, ga ƙarfen da take gudu a kai, sai ka tarar gadon ya kai santimita 30 ko ya wuce. Ɗora katifa mai santimita 10. Abin da ya rage tsakaninka da rufi wajen santimita 60 ne. Ba za ka zauna ba, sanya wando ma sai a kwance, kuma da asuba idan ka tashi alwala sai ka sulalo da ƙafafu ta ƙofar baya, kana laluben takalmi a cikin raɓa. Dare ɗaya ana jurewa. Idan ruwan Mambila ya tsare ku a mota tun la'asar har wayewar gari, a nan za ka san durowar nan da iskar da ke saman fuskarka aka saye ta.

Na cirewa ba ya tilasta maka wannan tsawon. Ma'auninsa tudun tayoyin baya ne, waɗannan wurare biyu da suka kumburo a cikin but. Tsakaninsu faɗin kusan mita ɗaya ne, wanda ya yi wa maza biyu kaɗan, saboda haka allon ya hau kansu don ku sami faɗin motar gaba ɗaya. To ya hau kansu daidai, kada a ƙara ko yatsa ɗaya. Idan kujerun tsakiya da aka naɗe sun fi tudun tsawo, su ne ma'aunin. Da haka za ka ceto santimita goma ko fiye, kuma wannan ɗan bambancin shi ne tsakanin mai iya jingina ya ci abinci da wanda ke kwance kamar an zura shi a kube. Ƙarƙashin allon zai ɗauki kayan gyara, tukwane, igiya da buhunan abinci marasa tsawo. Jarka da kula su tsaya a bayan kujerun gaba.

Akwai kuma wata dama da na cirewa kaɗai ke bayarwa. Kujerun tsakiya na motarka rabe suke gida biyu, babba da ƙarami. Idan aka yi gadon ɓari biyu a tsaye, ranar da ka fita kai kaɗai sai ka sa ɓari ɗaya mai faɗin santimita 60 zuwa 65, ɗaya gefen ya zauna fili. Ka sami inda za ka sauke ƙafa, ka ajiye buta da darduma, ka zauna kamar mutum.

Tsayin kwanciya kuwa duk ɗaya ne a wurinsu: tsawonka a ƙara santimita 10. Muddin kujerun tsakiya suna nan, sai an tura na gaba, an kuma yi wani ɗan allo mai hinji da ake buɗewa da dare ya cike wajen kai.

Sai nauyi. Fallen filawud guda, mai ƙafa 4 da ƙafa 8, idan kaurinsa milimita 18 ne yana kai kilo 30 zuwa 35. Mai milimita 12 kuma wajen kilo 21. Gadon dindindin mai durowa biyu zai ci falle biyu da rabi zuwa uku na mai kauri, ga ƙarafunan durowa masu ɗaukar nauyi, ga makullai da kafet. Kilo 90 zuwa 100 ke nan tun ba ka sa ko cokali ba. Na cirewa falle ɗaya da rabi ya ishe shi, ƙasa da kilo 40 idan an yi da mai milimita 12 aka sa masa tokara duk bayan santimita 40. Irin waɗannan motoci abin da aka yarje musu su ɗauka yana tsakanin kilo 600 da 800 ne, kuma a ciki har da ku kanku. Jarkar ruwa mai lita 20 kilo 20 ce cif, ta dizal wajen kilo 17. Jera huɗu, ƙara mutum biyu, ƙara safaya ta biyu da kayan abinci, ka ga inda lissafin ya dosa. Duk wanda ya hau dutsen nan daga Mayo Selbe zuwa Maisamari, ya kuma sauko ta nan, ya san cewa a kwanonin hanyar birki ne ke biyan kuɗin kowane kilo. Kuma kilo ɗarin nan na dindindin ba a Mambila kaɗai za ka ɗauke su ba. Kullum suna bayanka a cikin gari, kana zuba musu mai, ga shi ka rasa kujerun layi na uku ranar da dangi suka zo.

Yanzu inda na dindindin ya yi nasara. Tsari dai ba a haɗa su. Ka buɗe ƙofar baya, ka jawo durowa, ga tukunya ga shayi ga tocila, ko da abokinka na barci a sama ba ka tashe shi ba. A na cirewa kuwa, abin da ke can ƙurya sai an ɗaga katifa an ɗaga allo, kuma kullum abin da kake nema shi ne a ƙurya. Durowa tana kulluwa, wanda ya leƙa ta gilashi ba ya ganin komai. Idan an haɗa shi da kyau ba ya ƙara a hanyar burji. Wanda yake da mota ta musamman don tafiya, musamman Land Cruiser 78, doguwar nan mai dogon rufi da ake kira Troop Carrier, wadda masu ratsa Afirka daga Alƙahira zuwa Kef Tawun suke yawan zaɓa, shi kam na dindindin ya dace da shi, domin yana da sararin sama da zai bayar, kuma ba ya kai kowa makaranta da ita. Sai dai ko a nan a sani, ƙurar hunturu da jar ƙasa suna shiga ƙarafunan durowa masu ƙwallaye, su fara cijewa. Wasu don haka suke barin durowar ta zame a kan faifan roba mai santsi kawai.

Wurin da na fi so ka tsaya shi ne ɗauri, domin nan ne raunin na cirewa, kuma nan ne rai yake. A gwajin da ake yi wa kujerun mota a Turai, ana ajiye akwatuna masu kilo 18 a but, a tsayar da motar da ƙarfin da ke ninka nauyin kaya sau 20 zuwa 28. Da wannan lissafin, allo mai kilo 15 da aka ɗora kawai ba a ɗaure ba zai taho da ƙarfin kilo 300 zuwa wuyan direba. Gadon dindindin an riga an ɗaure shi da noti sau ɗaya an huta. Na cirewa kuwa duk fita sai ka ɗaure, kuma ranar da ka yi gaggawa ka ce ai nan da nan ne, ranar ce abin tsoro. Saboda haka ɗaurin ya zama mai sauƙi yadda ba za ka yi ƙyuyarsa ba. Idan taka mai layi uku ce, cire kujerun nan biyu da ke naɗewa a gefe ka adana su a gida, ka yi amfani da mazauninsu da zoben ɗaure kaya da ke daɓen but, waɗannan kamfani ya yi su don ɗaukar ƙarfi. Kowane akwati ya kamu da mota, kowane allo ya kamu da akwati. Kada ka bar kowa ya huda daɓen motar da injin huji yana cewa ai ba komai, domin a ƙarƙashin akwai tankin mai da bututun birki da wayoyi. Kuma ko wane iri ka yi, ba a tafiya da mutum kwance a kai, yaro ne ko babba.

Maganar kayan aiki gajeriya ce. MDF da ake kabad da shi ka bar shi a kasuwa: ya fi filawud nauyi, yana kumbura da ruwa ya taɓa shi, sukuru kuma yana kwancewa a jikinsa. A 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano ka nemi filawud mai kyau ko marin bod, ka duba bakinsa ka tabbata babu ramuka tsakanin fallayen. Marin bod ba ya jin ruwa amma yana da santsi, sai an manna masa kafet. A haɗa da gam da sukuru, ban da ƙusa, don girgizar hanya tana zare ƙusa a hankali. Idan ka fi son firam na ƙarfe, masu walda irin na Panteka a Kaduna za su yi maka da bututu mai kusurwa huɗu na milimita 25, wanda mita ɗayansa ta ɗan haura kilo ɗaya. Yana barin fili da yawa a ƙasa, kuma idan ya karye ko a Serti, hedikwatar Gashaka, za ka sami mai gyara. Aibinsa tsatsa da ƙara, sai an yi masa fenti an sa roba a inda ya taɓa mota. Alminiyam nauyinsa kusan sulusin na ƙarfe ne, amma tsada gare shi, mai waldarsa kuma ba a ko'ina ba.

Abu biyu da kafinta ba zai tuna maka ba. Na farko, kafin a yanka katako ka nemo inda jak da sifanar taya suke a motarka, da duk wata 'yar ƙofa da ke jikin bangon but. Na ga mota da taya ta sace a kan gangara, ana yayyafi, mutane uku suna sauke buhuna da tukwane a kan laka, suna kwance noti da hasken waya, don gadon ya rufe murfin da jak ke ciki. Wannan ya fi faruwa da na dindindin. Na biyu, shingen bincike. Jami'in da ya ga rufaffen akwati a ƙasan mota dole ya so ganin cikinsa, aikinsa ne. Durowa tana buɗuwa, amma lungunan da ke gefenta, wajen tudun taya, idan an toshe su da sukuru za ka daɗe a tsaye. Kowane lungu a yi masa murfi da hannu ke ɗagawa.

Iska kuwa ba ruwanta da wane iri ka zaɓa. A huhhuda allon da ke ƙarƙashin katifa, domin gumi da numfashin mutum biyu suna taruwa a nan, musamman a wuri mai sanyi da laima irin Nguroje da Gembu, sai katifa ta fara wari da fumfuna. Katifar ta zama soso mai ƙarfi, santimita 8 ya isa, a yanka ta gida uku a ɗinka mata riga mai zif. A sauke gilashi biyu masu kallon juna kaɗan, a rufe su da yankin gidan sauro da maganaɗisu ke riƙewa a jikin ƙofa. Ƙaramar fanka mai caji tana taimakawa a ƙasa wajen Gashaka, inda zafi da sauro suke. Ina roƙonka don Allah, kada ka kwana da inji a kunne saboda sanyin na'ura, kada kuma ka shigo da kaskon gawayi ko risho don ɗumi a kan tsauni, inda tudun ya kai wajen mita 1,600 sanyin dare kuma yake sa mutum tunanin haka. Iskar gubar da ke fita daga salansa da gawayi ba ta da wari ba ta da launi, mai barci ba ya farkawa ya ji ta. Bargo biyu da hula sun wadatar. Tukunyar gas ma ta kwana a waje.

Kafin ka ba kafinta ko sisi, yi gwaji a gida. Naɗe kujeru, jera bulo ko katan-katan, ɗora tsohuwar ƙofa ko allo a tsawon santimita 30, sa katifa, ku kwana kai da abokin tafiyar taka a cikin gareji ko tsakar gida, gilashi a ɗan buɗe. Washegari a sauke shi zuwa daidai tudun taya a sake kwana. Sannan ka yanka kwali daidai da lanƙwasar bangon but ɗin, hagu da dama daban domin ba lalle su zo ɗaya ba, ka kai wa kafinta kwalin tare da motar, ka ce masa kowane ɓari ya zama wanda mutum ɗaya zai iya ɗagawa ya fitar ta ƙofar baya.