Hanya Biyu ko Raga Ɗaya: Wanne Ya Fi Bayyana Matsalar Rubutu a Disleksiya?

Yaro mai disleksiya, wato wahalar koyon karatu da rubutu, ya ji kalmar Ingilishi "said", sai ya rubuta "sed". Me ya faru a ƙwaƙwalwarsa?

Tsarin da masanin ƙwaƙwalwa Max Coltheart ya shahara da shi yana cewa ƙwaƙwalwa tana da hanyoyi biyu na karanta kalma ko rubuta ta: ɗaya ta haddace kalma sukutum, ɗaya ta haɗa sauti da harafi. A wannan yaro, hanyar haddar ce ta yi rauni. Bayani ne mai sauƙi da malami zai iya aiki da shi.

Ɗaya tsarin kuwa raga ce ta kwamfuta mai kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa, irin wadda masu bincike Seidenberg da McClelland suka gina a 1989. Ba a ba ta ƙa'ida ko ɗaya; daga dubban kalmomi take koyo, tana kuskure ana gyara mata, kamar ɗalibi. A 1999 Harm da Seidenberg suka raunana sashen sauti na irin wannan raga kafin ta fara koyon karatu, sai ƙirƙirarrun kalmomi marasa ma'ana suka riƙa ba ta wahala, kamar yadda suke ba yara da yawa masu disleksiya. Karatu suka gwada, amma rubutu ma sauti yake dogara da shi.

Ni ragar ta fi gamsar da ni, domin tana nuna yadda ƙaramin rauni tun farko yake girma tare da yaro.