Na batir ko na mai? Ɗauki na soso mai batir

Ɗan'uwa, tsakanin biyun da ka ambata, wato ƙaramin jirgin sama na rimot, na soso mai batir da na katakon balsa mai injin mai, ɗauki na batir. Ka nemi wanda fiffikensa ke saman jiki, faɗinsa daga mita 1.1 zuwa 1.5, mai taya uku, ɗaya a hanci biyu a baya. Magana ta ƙare. Sauran bayanin nan na yi shi ne saboda masu zuwa su ce maka wai jirgin da ba ya hayaƙi abin wasan yara ne, don na san suna tafe.

Duka biyun na mallaka. Na man shi na fara saya, kuma yau yana rataye a bango yana shan ƙura. Na soson kuwa shekararsa ta huɗu ke nan a hannuna, jikinsa duk tabon gam, hancinsa ya ɗan karkace kamar na tsohon ɗan dambe, amma ban taɓa kai shi filin kulob na dawo da shi ba tare da ya tashi ba.

Bari in ba ka labarin wata Asabar, ka auna da kanka. Na isa fili da sassafe, lokacin da iska ba ta farka ba, tutar da ke nuna mana alkiblarta tana rataye kamar wanki. A jakata akwai batir huɗu, kowanne 3S, wato mai ɗaki uku a ciki, mai ɗaukar caji 2200 mAh, duk na cika su tun dare. Haɗa jirgin bai ci minti biyar ba: na ɗora fiffike, na ɗaure shi, na kunna rimot tukuna sannan na jona batir. Wannan jerin kada ka taɓa juya shi, rimot ne farkon kunnawa kuma shi ne ƙarshen kashewa. Na ɗaga jirgin a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike, wajen kashi ɗaya cikin uku daga gabansa, na ga hancin ya ɗan sunkuya kaɗan, yadda ake so. Na rage ƙarfin siginar rimot, na ja baya taku talatin, na motsa sanduna, komai ya amsa. Na ɗaga murya na ce zan tashi, aka ce mini fili naka ne. Kafin masu injin mai su gama sauke akwatunansu daga mota, ni na ƙare batir ɗaya na sauka.

A batir na biyu ne wani baƙo ya zo ya tsaya a bayan shinge yana kallo, irin kallon da kai ma na san ka yi. Muka haɗa rimot ɗina da na wani ɗan kulob, irin haɗin koyarwa: muddin ina danne da maɓalli jirgin na hannun ɗalibi, da na saki ya dawo hannuna. Na kai jirgin sama sosai na miƙa masa. Abin da kowane sabon shiga ke yi shi ya yi, ya murɗa sanda har ƙarshe, jirgin ya kwanta a gefe ya nufi ƙasa. Na ce masa, saki sandar kawai. Ya saki. Jirgin ya daidaita kansa da kansa ya ci gaba da tafiya kamar ba abin da ya faru. Ba sihiri ba ne. Nauyin jikin na rataye a ƙarƙashin fiffike, fikafikan kuma sun ɗan ɗago sama daga tsakiya zuwa gefe, don haka da ya karkata sai ya nemi komawa daidai. Ga shi ba nauyi, bai kai kilo ɗaya da rabi ba, yana tafiya a hankali, ya ba ƙwaƙwalwarka lokacin tunani. Lokacin nan kuwa za ka buƙace shi ranar da jirgin ya juyo yana fuskantarka, hagunka ya zama damansa. Nan ne kowa ke rikicewa.

Wajen ƙarfe sha ɗaya iska ta tashi, ni kuma kwaɗayi ya ja ni na sa batir na uku. Ina gangarowa zan sauka wata iska ta doke shi daga gefe, ya dira da hanci. Farfela ta karye, hancin ya lotse, tayar gaba ta lanƙwashe. 'Yan kulob suka yi mini tafi, don haka muke yi wa duk wanda ya kwashi ƙasa. Na cire batir da kayan wuta daga hancin, na zuba wa wurin da ya lotse ruwan zafi, soson ya kumburo ya dawo kusan yadda yake. Wannan soson da ake kira EPO haka halinsa yake. Na shafa gam a tsagar, na miƙar da ƙarfen taya da hannu, na ɗaura sabuwar farfela. Minti ashirin, ya koma sama da batir na huɗu. Da na katako ne ya yi wannan faɗuwar, da a buhu zan kwashe shi, sannan in yi mako uku ina yankan haƙarƙarin fiffike ɗaya bayan ɗaya.

To, na man fa? Ba zan yi masa ƙarya ba, yana da abinsa. Ya fi nauyi, kusan ninki biyu, don haka iskar da ke wasa da na soso shi ratsa ta yake yi. In mai ya ƙare ka cika tanki ka sake tashi, ba zaman jiran caji. Ƙararsa da warin hayaƙinsa kuma akwai waɗanda saboda su kaɗai suke zuwa fili. Iyakar yabon da zan iya yi masa ke nan.

Nawa injin .46 ne, kusan cc 7.5. Mansa ba fetur ba ne, haɗi ne na metanol da naitiro da man shafawa, kuma ba ya son iska, in ka bar galan a buɗe sai ya sha damshi ya lalace. Kafin ya tashi sai ka kawo famfon zuba mai, da ɗan batir mai volt 1.5 na ɗumama filogi, da injin murɗa farfela, da nasa batirin, da tsumma. Ranar da na fara kai shi fili na yi kusan awa uku a durƙushe ina juya allurar kafireto, yatsuna kusa da farfelar da ke juyawa fiye da sau 10,000 a minti. In na buɗe allurar ya shaƙe, in na matse ta ya yi zafi ya mutu. Da ƙyar wani dattijon kulob ya daidaita mini shi, muka tashi, minti shida injin ya mutu a sama, malamina ya karɓa ya sauke shi cikin ciyawa. Na koma gida da gwiwa mai ciwo da jirgi jage-jage da mai, sai da na goge shi tas kafin in sa a mota. Ranar ba tuƙi na koya ba, kanikanci na koya. Sabon shiga mintocin da ya yi a sama su ne jarinsa, kuma na batir zai ba ka minti talatin zuwa arba'in a safiya ɗaya da batir huɗu, ba tare da ka durƙusa ba.

Akwai kuma maganar ƙara. Kulob da yawa sun ƙayyade awannin da mai injin mai zai tashi saboda maƙwabta, wasu ma na batir kaɗai suke karɓa. A Ingila ma'aunin da ake bi shi ne kada ƙarar jirgi ta wuce desibel 82 daga nisan mita 7. Tambayi kulob ɗinka kafin ka sayi abin da za a hana ka kunnawa.

Kada ka ɗauka na batir ba shi da haƙori. Shirunsa ne haɗarinsa. Injin mai in yana aiki kowa na ji, shi kuwa na lantarki yana kwance shiru, gwiwar hannunka ta taɓa sandar totur, farfela ta tashi da cikakken ƙarfi nan take. Sa maɓallin kashe totur a rimot, kuma in za ka yi saiti a kan tebur cire farfela tukuna. Batirin jirgin, wanda ake kira LiPo, shi ma yana da dokarsa. Kowane ɗaki a cikinsa volt 4.2 ne in ya cika, wato 12.6 a 3S. Sauka tun yana wajen 3.7, kada ka bari ya faɗi ƙasa da 3.0, in ba haka ba ya kumbura ya tashi daga aiki. In za ka yi mako ba ka tashi ba, ajiye shi a 3.8. Caji a hankali yana cin kusan awa ɗaya, kuma ba a barinsa a kan caja a tafi barci, ba a ajiye shi cikin mota a rana. Wuta yake kamawa, ba wasa.

Yanzu abin da ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa: masu sayarwa. Nawa na man na hannu na saya, wai sau biyu kacal ya tashi. Sai da na cire ledar da ta rufe fiffiken na ga gam jibge a ciki kamar an zuba kunu, gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi. Duk wanda ya ce maka sau biyu jirginsa ya tashi, tambaye shi sau nawa ya sauka lafiya. Tsaya a bayan jirgin ka hango shi daga jela zuwa hanci, in fiffike ya murɗe ko jela ta karkace za ka gani. In injin mai ne, juya farfelar da hannu, ba filogi a jone: in ba ka ji matsi ba, ko ka ji ƙaras-ƙaras irin na boris mai tsatsa, bar masa kayansa.

Batir na hannu kada ka saya ko kyauta aka haɗa maka, balle wanda ya kumbura mai shi yana ce maka haka suke. A sababbin ma ana ƙarya a lambobin da ke jikin takarda. In ka ga batir ƙarami mara nauyi an rubuta masa ƙarfin da ya ninka na sa'anninsa, tawada ce kawai, ba ta da tsada. Caja ma akwai jabu masu kama da na asali sak, har kwali, sai dai ba sa auna volt daidai, su cika ɗaki ɗaya fiye da kima. Araha ba ta ado, a nan kuwa har gobara take jawowa.

Sai masu tallan ɗan jirgi mai farfela biyu da rimot mai tashoshi biyu suna kiransa jirgin koyo. Wannan da bambancin gudun farfelunsa yake juyawa, ba abin da zai koya maka. Kana buƙatar tashoshi huɗu: totur, leɓen jela mai ɗaga hanci da sauke shi, leɓen jela na tsaye mai juya shi hagu da dama, da leɓunan fiffike masu karkatar da shi. Haka nan in aka kawo maka tsohon rimot mai doguwar eriya ta ƙarfe, na 35 ko 72 MHz, ka ce ka gode. Zamaninsa sai mutum ya ɗauki alamar tasharsa daga allo kafin ya kunna, in biyu suka kunna tasha ɗaya jirgin wani ya faɗo. Na 2.4 GHz ya kawar da wannan. Kuma ka sani rimot ɗin Spektrum ba ya magana da risibar Futaba ko ta FrSky, wato na'urar da ke karɓar sigina a cikin jirgi, kowanne da yarensa. Mai sayarwa zai ce maka duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne.

Shi ya sa kafin ka fitar da ko sisi, je fili ka ga wanda zai koya maka, ka ga rimot ɗin da yake riƙe da kuma hannun da totur ɗinsa yake, ka sayi irin nasa don ku iya haɗawa. Mafi yawa totur a hagu ne, amma akwai masu dama. In kuɗinka ya kai, E-flite Apprentice mai faɗin mita 1.5 ko HobbyZone AeroScout, wanda farfelarsa ke bayan fiffike inda faɗuwa ba ta cika taɓa ta ba, duka biyun za su yi maka. Suna da na'urar da ke hana jirgi karkata da yawa, amma ka roƙi malaminka ya kashe maka ita da zarar hannunka ya faɗa, in ba haka ba ita ce za ta iya tuƙi, ba kai ba. Ƙananan kwafin jiragen yaƙi irin su Spitfire da Mustang da ke ɗaukar ido kuwa, rufe ido ka wuce. Da ka rage musu gudu wajen sauka fiffike ɗaya zai zube, ba sallama.

Ka tambayi kulob batun inshora da rajista, don ƙasashe da yawa suna neman rajista in jirgi ya wuce giram 250, kuma iyakar tsayin da aka fi sanyawa mita 120 ne. Ka haɗa da batir uku ko huɗu, da farfela biyu na ajiya, da gam wanda ba ya cin soso. In ka zo ranar Asabar ka riga iska zuwa, ka taho da hula da tabarau na rana.